Ni Ce Nake Ba Yarinyar Naƙaniƙ, Amma Kakarta Aka Ɗora Wa Laifi

Assalamu alaikum 'yan uwa mata na wannan guruf. Admin na haɗa ki da girman Allah ki cire sunana da lambata kafin ki saka wannan, don Hausawan Madina ba mu da yawan da mutum zai ɓuya a cikinmu. Sunayen da zan ambata ma duk canza su na yi. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ina buƙatarta kafin Juma'ar nan. Wadda ta ga zagi ne ya dace da ni ta zage ni, na yarda, amma ta haɗa min da mafita.

Ni 'yar Zariya ce, shekarata tara a Madina, muna zaune a unguwar Sih. Mijina famasis ne, a kantin magani yake aiki, saboda haka matan benenmu suke kirana Doktora. Ni kuwa ko allura ban iya riƙewa ba, koyarwa na yi a firamare kafin a kawo ni nan. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, sunan ya yi min daɗi. A kawo min takardar asibiti in gyara zama in yi ta bayani, wanda na sani da wanda na tsinta a bakin maigidana, duk in haɗa. Tun daga nan na fara jawo wa kaina.

Ƙofarmu tana kallon ta wasu bayin Allah, Hausawan Sudan ne, an haifi mijin a nan. Matar ita ce aminiyata, zan kira ta Ummu Tasnim, ɗinki take yi a wani shagon mata. Mijin gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, mutumin kirki ne amma akwai saurin hawa. Suna zaune da mahaifiyarsa, tsohuwa ce da ta haura saba'in, kowa Habboba yake ce mata, wato kaka a bakin 'yan Sudan. Matar nan ita ta yi min wankan jego lokacin da na haifi 'yata Ilham, ba uwa ba dangi a kusa. Ita ta dama min kunu kwana arba'in ba fashi. Ku riƙe wannan don ku san girman abin da na yi.

'Yarsu ɗaya tak, Tasnim, shekararta tara. Shekara biyu da suka wuce aka gano tana da ciwon nan da ake ce wa siliyak, wanda jikin mutum ba ya karɓar alkama da sha'ir. Wani sinadari ne a cikinsu, gulutin, in ya shiga cikinta sai ya yi ta cin hanjinta a hankali. Ba sai ta ci da yawa ba, ɓarɓashi ma ya isa. Kafin a gano, yarinyar nan ta sha wuya, ciki a kumbure, gudawa, jini ba ya isarta, sa'anninta suna tsawo ita tana nan. To ku duba a garin da safe burodin tanda da ake ce wa tamis, rana burodi, dare samoli, shi ma dogon burodi ne, hatta miya wani lokaci da fulawa ake kaɗa ta.

A nan ne na fito da ƙirjina. Na ce wa Ummu Tasnim ai abincinmu na gida shi ne maganin wannan, tuwon shinkafa, tuwon masara, waina, dambu, fura, ina alkama a ciki? Ki kawo min ita duk ranar da kike aikin yini. Aka yi haka, kwana uku a sati in ta taso makaranta gidana take wuni, sauran kwanakin tana wajen Habboba. Kuma Allah ya sani na yi ƙoƙari. Na ware mata tukunya, na ware kasko da cokali da faranti, na daina zuba duk wani dunƙule da ban tabbatar da shi ba. Wata shida na farko yarinya ta murmure, kumatu suka fito, har uwar take gaya wa mutane gida biyu kaɗai ta yarda 'yarta ta ci abinci a duniya, nata da na Doktora.

Matsalar ita ce yaran da aka haifa a nan ba sa son tuwo. Ka yi musu Hausa su ba ka amsa da Larabci, ka ajiye tuwo miyar kuka su kalle shi su ce “ma abga”, wato ba na so. Ilham ɗina ba abin da take so irin hot dog, wanda 'yan nan ke ce wa naƙaniƙ, a soya a saka mata cikin samoli. Na yi ta ɓoyewa kada Tasnim ta gani, sai wata rana ta shigo kicin ta tarar da Ilham tana ci. Ba ta roƙa ba. Ta koma gaban farantin dambunta ta zauna, hawaye yana ɗiga a ciki. Na tambaye ta, da yake Khala take ce min, wato inna, sai ta ce, “Khala, ni har in mutu ba zan ci abin da yara suke ci ba?”

Zuciyata ta karye. Na ce a raina ai burodin ne matsalar, wannan kuwa nama ne, me ya haɗa nama da alkama? Na ɗauko sabo daga firiza, na soya a kaskonta na musamman, na yayyanka mata a kan shinkafa. Ranar ta cinye har tana suɗe faranti.

Na san za ku ce me ya hana ki juya ledar ki karanta. Na tambayi kaina wannan ya fi sau ɗari. Gaskiyar ita ce, ni tun tasowata tambaya ɗaya na sani game da naman leda, halal ne ko ba halal ba. Da muka taɓa zama wata ƙasa na 'yan watanni kafin mu zo nan, ba na sayen ko alewa sai na karanta bayanta don tsoron alade. Da na zo Madina sai na sauke wannan kayan gaba ɗaya. Garin Manzo, wa zai tsaya binciken nama? Biskit na karanta, garin yaji na karanta, hatta man gyaɗan kwalba na karanta, amma nama hannuna kawai yake kai wa in jefa a kwando. Ban taɓa kawowa a raina cewa wasu kamfanonin suna haɗa garin alkama a ciki don ya kama jikinsa ba.

Abin da ya fi wannan muni, kuma shi ya fi ba ni kunyar rubutawa, na san Ummu Tasnim ta hana duk wani abincin leda, likita ce ta ce mata ta kiyaye. Ni kuma a ganina tsoro ne ya yi mata yawa, ni Doktora na fi ta sani. Sai na ce wa yarinyar kada ta gaya wa mamanta, sirrinmu ne. Da uwar ta zo ɗaukarta ta tambayi me ta ci, sai in ce shinkafa da nama. A lokacin har ina ganin ai ban yi ƙarya ba.

Haka muka yi kusan wata biyar, sati-sati, wani satin sau biyu. A hankali ciwon ciki ya dawo, ta fara rama, ta dawo daga makaranta ta zube a kujera. Aka koma asibiti aka yi gwajin jini, likita ta ce babu shakka alkama tana shiga cikin yarinyar nan ta wani wuri, su je su bincika. Ta tambayi Tasnim ko tana cin wani abu a ɓoye, ta ce a'a. Ta riƙe min sirrina.

Ummu Tasnim ta zo ɗakina da takardar tana kuka. Ta ce ta juye kicin ɗinta kaf, ta je makaranta ta yi magana da malamai, ba ta ga komai ba. Ko sau ɗaya ba ta ambaci gidana ba, ni ma ko sau ɗaya ban zargi kaina ba. Sai na buɗe bakin nan nawa na ce mata ta sa ido a kan Habboba. Ni ce na fara kawo sunan tsohuwar, ba wani ba. Na tuna mata cewa farkon ciwon ai Habboba ta sha cewa ita ba ta taɓa jin inda burodi ya zama guba ba, yaran zamani dai da likitocinsu. Na tuna mata tsohuwa ba ta karyawa sai da tamis da waken da suke ce wa ful, ga gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadonta na shan shayi. Na ce kin san kaka da jika, tausayi ne zai sa ta ɗan gutsura mata. Har da su “ni dai na faɗa miki a matsayin wadda ta san abin.”

Magana ta kai kunnen uban yarinyar, Abu Tasnim. Ban shiga ba, amma bango ɗaya ne tsakaninmu, na ji komai. Ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya irin yadda ban taɓa ji ba, ya ce so take ta kashe masa 'ya ɗaya da Allah ya ba shi. Ita kuma tana ta rantsuwa. Aka kwashe gwangwanin biskit aka zubar, aka hana Tasnim shiga ɗakinta, aka ce daga yau ko ruwa kada ta miƙa mata. Kwanakin da yarinyar take yi a wajenta aka dawo da su gidana. Wato aka ɗauke ta daga inda take lafiya aka ƙara min.

Bayan kwana biyu na haɗu da Habboba a matakala, tana dawowa daga Harami da sandarta. Ta kama hannuna ta ce, “Ya bitti, 'yata, ya Doktora, ke ki gaya musu. Wallahil azim ko ɓarɓashi ban ba ta ba. Tun ranar da hakima, likitar nan, ta hana, in na ci tamis sai na wanke hannu sau biyu kafin in taɓa ta.” Kun san me na ce mata? Na ce ta yi haƙuri, wani lokacin mutum ba ya lura. Ta saki hannuna ta hau sama.

Ba a yi sati uku ba ta haɗa kayanta ta ce za ta koma wajen 'yarta da ke aure a Badar, mijin yana kula da gonar dabino. Babu wanda ya kore ta da baki, amma babu wanda ya ce ta zauna. Matar da ba ta iya kwana biyu ba ta yi salla a Harami ba, ita ce ta bar Madina. Da za ta shiga mota Tasnim ta ruga za ta rungume ta, sai tsohuwar ta ɗaga hannayenta sama ta ce ta bari, ba ta wanke hannu ba.

A cikin satin da ta tafi ne Allah ya tona min asirina ni kaɗai. Na je kanti da hantsi, irin naƙaniƙ ɗin da na saba saya ya ƙare, na ɗauki wani. Sai na ga an rubuta a gabansa da manyan baƙaƙe cewa babu gulutin a ciki. Na tsaya. Na ce to me zai sa a rubuta wannan a jikin nama, in dai ba akwai wanda yake da shi ba? Gabana ya faɗi. Ban gama sayayyar ba na dawo gida, na buɗe firiza, akwai ragowar guda uku a tsohuwar leda. Na juya ta. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, da Larabci da Turanci, garin alkama, har an ƙara maimaitawa a ƙasa da baƙin rubutu don masu irin ciwon. Wata biyar ledar nan tana shiga hannuna. Na zauna a ƙasan kicin, ban san lokacin da aka kira azahar ba.

Da a ce ni mutuniyar kirki ce, da a ranar na ƙwanƙwasa ƙofarsu. Ban yi ba. Na naɗe ledar a cikin wata leda na kai shara ta bayan layi don kada maigidana ya gani, shi da tun farko ya ce min duk abin da zai shiga bakin yarinyar nan in karanta shi ko da ruwa ne. Na ce wa Tasnim an daina sayar da naƙaniƙ. Na ce wa kaina bari dai ta warke tukuna, in hankalin kowa ya kwanta sai in yi magana.

Abin da ban hango ba shi ne, Habboba ta tafi, ni kuma na daina, duk a sati ɗaya. Yarinya ta fara samun sauƙi. Cikin wata guda ciwon ciki ya tsaya, ta dawo cin abinci, ta dawo tsalle-tsallenta. Da aka sake gwaji bayan wata uku likita ta ce an samu ci gaba sosai, duk abin da suka canza su ci gaba da shi. To me suka canza a saninsu? Tsohuwa ta bar gida. Shirun da na yi shi ya zama shaidar da ta tabbatar mata da laifi. Abu Tasnim da ya fara nadamar abin da ya yi wa uwarsa, yanzu cewa yake ai ga shi kowa ya gani. Ummu Tasnim ta shigo min da turaren wuta na Sudan da atamfa, ta rungume ni ta ce ba don basirata ba da sun rasa 'yarsu. Na karɓa. Wallahi na karɓa har na ce ba komai, yi wa kai ne. Turaren yana nan cikin durowa, na kasa kunna shi.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da shiru ya faru shekaranjiya. Habboba ta kira ni daga Badar da la'asar, 'yarta ce ta danna mata lambar. Muryarta ta canza, ta yi sanyi. Muka gaisa, ta tambayi Ilham, ta tambayi Tasnim ta ce an ce mata ta yi ƙiba, alhamdu lillah. Sannan ta ce, “Doktora 'yata, ke kin yi karatu, zan tambaye ki. Mutum zai iya yin abu da hannunsa ya manta sarai? Don ni na zauna na yi ta tunani. Na tafi, yarinya ta warke. Yumkin, wataƙila na ba ta ban sani ba, tsufa ne. To kin ga na rantse da Allah a kan ƙarya ke nan.” Ta ce ta yi azumi uku na kaffara. Tsohuwa mai ciwon suga, a zafin Badar, ta yi azumin kaffarar rantsuwar da gaskiya ta faɗa.

Ta ce ranar Juma'a surukinta zai kawo dabino Madina, za ta biyo shi ta yi salla a Harami, daga nan ta zo gida ta nemi gafarar ɗanta da matarsa da jikarta. Kuma tana so ni in raka ta in shiga da ita, don suna jin maganata. Na ce mata to. Bakina ne ya faɗa, ban san ta ina ya fito ba.

'Yan uwa, na san dole in faɗa, ba wannan nake tambaya ba. Ba zan iya zama a falon nan ina kallon matar da ta yi min jego tana ba da haƙuri a kan laifina ba. Yadda zan faɗa ne ya gagare ni. In fara gaya wa mijina? Na san halinsa, ba zai yi faɗa ba, kallona kawai zai yi, kuma zai ce shi zai je ya samu Abu Tasnim, ni kuma ina ganin kamar ɓuya ce a bayansa. In samu Ummu Tasnim ita kaɗai? Ranar da ta ji, ta daina yarda da ni ke nan, kuma tana da gaskiya. Amma in ta ɗauke Tasnim daga gidana ba ta da inda za ta kai ta sai dai ta bar aikinta, in kuma Habboba ta ƙi dawowa fa? Ko in kira tsohuwar tun yau in gaya mata kada ta ƙara kwana tana zargin hankalinta? Ina tsoron faɗa mata irin wannan a waya, ga shekaru ga ciwo, ba na kusa da ita.

Sannan ga Tasnim. In magana ta fito za a gane ta ɓoye wa uwarta da likita, kuma na san ubanta. Yarinya ce, ni babba na ce ta yi shiru. Ta yaya zan faɗi gaskiya ba tare da faɗan ya sauka a kanta ba? Ta yaya za a gaya wa 'yar shekara tara cewa sirrin da ta riƙe wa Khala shi ya raba ta da kakarta?

Ba na neman a ce min kuskure ne kowa yana yi. Naƙaniƙ ɗin kuskure ne, na yarda. Amma sunan tsohuwar da na kawo, da ledar da na kai shara ta bayan layi, da wata ukun da na yi ina amsa Doktora, waɗannan da sanina na yi su.

Yau Laraba. Don Allah wadda ta taɓa tsayawa gaban mutanen da suka yarda da ita ta ce musu ni ce, ta gaya min da wa ta fara, kuma da wace kalma ta buɗe baki. Jibi bayan sallar Juma'a Habboba za ta ƙwanƙwasa ƙofata kafin tasu.